Bakwai a Gurbin Ɗaya

Babana sarƙar awo ya ja,
shekara talatin da biyu, daga Kakuri har Mando.
Ya dasa duwatsun iyaka a cikin sabara,
ya san gonar da ruwa ke kwana a ciki,
da wadda gara kaɗai ke nomawa.
Ni kujera na samu, da kwamfuta,
a bene na biyu, kusa da tagar da ba ta rufuwa.
Kaduna kaf tana gabana,
ta ƙanƙance kamar faifai,
ina juya ta da ɗan yatsa.

Ranar Talata Inna Ladingo ta zo daga Kabala,
takardarta a naɗe cikin ledar burodi.
Wai an ce mata gidanta ba ya nan.
Na duba. Ba ya nan.
Wani ya buga bakwai a gurbin ɗaya,
sai gida ya tashi,
da ɗakunansa uku, da rijiya, da bishiyar gwaiba,
ya faɗa tsakiyar kogi
inda masu ɗiban yashi ke tura kwalekwale.
Shekara shida tana kwana a ruwa, a lissafinmu,
tana kuma biyan kuɗin ƙasa.

Na ce, Inna, kuskure ne.
Ta ce, na wa?

Doka ba ta ce "in an samu sarari" ba.
Cewa ta yi: abin da kuka rubuta a kan mutum
ya zama gaskiya.
In ya karkace, ku miƙe shi.
In mai abu ya tambaya, ku nuna masa.
Ku adana inda wuta ba ta lasa, ɓarawo ba ya leƙe,
kada ku miƙa wa wanda ba ruwansa.
Na sa hannu a ƙarƙashin wannan
ranar da aka ɗauke ni aiki,
hankalina a lokacin yana kan albashi.

Bayan la'asar wani ya shigo,
turarensa ya riga shi sallama.
Yana son jerin filayen bakin sabuwar hanya,
waɗanda masu su suka rasu, magada ba su leƙo ba,
da lambar waya in akwai.
Ya ɗora ambulan a kan fayil ɗin Inna.
Na ce, taswira ta kowa ce, ga layi can, ga rasit,
sunaye kuwa ajiya aka ba mu.
Ya yi dariya, ya ce yarinya ce ke.
Sai da ya fita na lura hannuna na rawa.
Kuɗin haya saura kwana tara.

Alhamis muka tafi da safiyo Barau.
Ya kafa sandarsa a tsakar gida
tana sauraren taurarin ɗan'adam,
yara sun kewaye shi, kaji sun watse.
Dutsen iyaka muka tono a gindin akurki,
gansakuka ta cinye rabin lambar,
amma ɗayan nan yana tsaye, siriri kamar tsinke.
Na durƙusa na goge shi da bakin mayafi.
Ban sani ba ko babana ne ya dasa.
Bai taɓa ambaton Kabala ba.

Gyara sai da hannu uku.
Na sa nawa, Barau ya sa nasa,
darakta yana Abuja sai Litinin.
Don haka yau ma, a allona,
Inna Ladingo za ta yi sallar isha'i a tsakiyar kogi.
Na bar fayil ɗin a sama da kowane,
na danne shi da kofin shayi.

Da za mu taho ta tura mini gwaiba huɗu a jaka.
Tun daga gada har Kawo
ina tunanin ko doka ta hana.